Ƙararrawar Sarkin Kumasi Da Jirgin Da Ya Ƙi Nutsewa

A ƙasar Zuru idan ana hirar soja ba a neman tafinta. Ka zaga cikin garin Zuru, ka leƙa Dabai, ka bi ta Ribah ko Mahuta, da wuya ka ƙare unguwa ba ka ga gidan da aka taɓa shanya kaki a kan igiya ba. Daga wannan ƙasa Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi ya fito, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa ta Nijeriya daga 1996 zuwa 1999. Manjo Janar Muhammadu Sani Sami ma ya yi gwamnan soja a Jihar Bauchi kafin ya hau gadon sarautar Zuru. Mutane da dama sukan ce juriyar da samarin Lelna ke koya a gonar golmo ita ce ta sa aikin soja bai zo musu baƙo ba.

Amma duk wannan sojan tudu ne. Teku kuwa, ɗalibin Zuru a taswira yake ganinta, an shafa mata shuɗin fenti. To me ya kawo labarin wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila cikin shafinku na wannan mako?

Dalilin yana cikin gidajenku. Kakannin da suka je Yaƙin Bama ba da ƙafa suka je ba, ba kuma a jirgin sama ba. A jirgin ruwa aka kwashe su daga Legas, suka yi makonni a kan teku, a lokacin da jiragen Jamus masu nutso ke farautar duk abin da ke yawo a kan ruwa. Wanda ya isa lafiya, akwai waɗanda suka yi masa gadi a hanya. Ga tarihin ɗaya daga cikin irin masu gadin, mai suna HMS Ashanti, wanda sunansa ma daga maƙwabtanmu aka aro shi.

Ayari da 'yan rakiya

Kafin zuwan mota, fatake ba sa tafiya ɗai-ɗai. Masu zuwa Gwanja sayen goro sukan haɗu su yi ayari, da madugunsu da jagabansu, su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri su nausa yamma. Dalili a fili yake: ɗan fashi ya fi son wanda ya ware.

Haka abin ya kasance a kan teku a Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945. Birtaniya tsibiri ce, ba ta iya ciyar da kanta. Alkama, man fetur, nama, roba, duk ta ruwa suke zuwa mata. Gyaɗar Kano da kuzar Jos da manjan kudu ma ta nan suke bi. Jamus ta gane cewa in ta nutsar da jiragen dakon kaya fiye da yadda ake iya ƙera sababbi, yunwa kaɗai za ta gama da Ingila. Shi ya sa aka riƙa tara jiragen kaya wuri guda su tafi a ayari. A yankinmu, tashar Firitawun ta ƙasar Saliyo ce babban zango.

Ayari kuwa sai da 'yan rakiya. Babban ɗan rakiya shi ne irin jirgin da Turawa ke kira distiroya, wato mai hallakarwa. Ba shi ne mafi girma a cikin jiragen yaƙi ba. Hasali ma jikinsa ba shi da sulke, ƙarfen bangonsa siriri ne, harsashin babbar igwa guda yana iya huda shi. Abin da yake taƙama da shi gudu ne da saurin juyi. Yana da na'urar da ke aika sauti cikin ruwa ta saurari amsa-kuwwa, da ita yake gano jirgi mai nutso. In ya gano shi sai ya bi ta kansa ya zuba masa bama-bamai masu kama da ganga, waɗanda ke fashewa idan sun kai zurfin da aka saita. Yana kuma ɗauke da tofido, wani dogon makami mai injin kansa da ke gudu a ƙarƙashin ruwa ya fasa cikin jirgi.

Tsawon Ashanti ya kai mita 115, wato ya ɗan fi filin ƙwallonku. Yana da manyan bindigogi 8, an jera su biyu-biyu, da bututun harba tofido 4. Injinansa na tururi ne, kuma in ya buɗe wuta yakan yi kusan kilomita 67 a awa. Ka kwatanta gini mai nauyin kusan tan 2,000 yana gudun babur a kan ruwa. Mutum wajen 200 ne ke rayuwa a cikinsa, a matse, yawancinsu kwanan lilo suke yi a ragar da aka rataya a saman teburin cin abinci.

Sunan da aka aro daga Tonawa

A ƙarshen shekarun 1930 Birtaniya ta ƙera irin wannan jirgi guda 16, ta raɗa musu sunayen al'ummomin da ta ɗauka a matsayin mayaƙa: Zulu, Somali, Nubian, Matabele, Mashona, Gurkha, Sikh, Maori da sauransu. Babu Hausa a jerin, babu Dakarkari. Daga Afirka ta Yamma suna ɗaya ne ya shiga, na mutanen Asante na ƙasar Gana ta yanzu, waɗanda Bahaushe ke kira Tonawa. Kamfanin William Denny ne ya ƙera shi a garin Dumbarton na Sikotilan. An tura shi ruwa a watan Nuwamba 1937, ya fara aiki a Disamba 1938.

A nan akwai abin da ya kamata mai karatun tarihi ya tsaya ya duba. Da yawa daga cikin al'ummomin nan, Ingila ta san jarumtarsu ne domin ta yaƙe su. A 1874 sojojinta ƙarƙashin Janar Wolseley sun ƙona Kumasi. A 1896 suka kama Sarkin Asante, Prempeh na Ɗaya, daga baya aka kai shi tsibirin Seychelles, bai sake taka ƙasarsa ba sai 1924. A 1900, da Yaa Asantewaa ta jagoranci bore saboda gwamna Bature ya nemi a kawo masa kujerar zinariya ta Asante, har daga Nijeriya aka kai sojoji don murƙushe ta. Kuma, ko da daɗi ko ba daɗi, a cikin masu riƙe wa Bature bindiga a yaƙe-yaƙen nan akwai Hausawa. Rundunar da Kyaftin Glover ya kafa a Legas a 1863, wadda ake ɗauka a matsayin tushen sojan Nijeriya, da sunan Hausawa aka san ta.

Shekara 39 kacal bayan boren Yaa Asantewaa, a watan Fabrairu 1939, sabon jirgin nan ya iso tashar Takoradi ziyara. Sarkin Asante na lokacin, Osei Agyeman Prempeh na Biyu, ya ba shi kyautar ƙararrawa ta azurfa da garkuwa ta zinariya. Akwai tsofaffi a raye a lokacin da suka ga yaƙin 1900 da idonsu. Wani zai ce sarkin ya miƙa wuya ne. Ni dai ina ganin dabara ce irin ta manya. Sai a 1935 Turawa suka yarda aka maido da sarautar Asante gaba ɗayanta, kuma wanda ya sha wuya kafin ya karɓo abinsa ya san yadda ake lallaɓa mai ƙarfi. Ban da haka, duk inda jirgin ya shiga a duniya, sunan Asante ne a jikinsa.

Kimanin wata shida bayan wannan biki aka fara yaƙi.

Farkon da bai yi kyau ba

Kada ku zaci daga fitowarsa ya fara abin bajinta. Ya yi sintiri a tekun arewacin Birtaniya, ya je gaɓar Nowe a watan Afrilu 1940 lokacin da Jamus ta mamaye ƙasar, inda jiragen sama suka yi ta yi wa jiragen Ingila ruwan bama-bamai. Amma mummunan raunin da ya fara samu, ba Bajamushe ne ya yi masa ba.

A watan Oktoba 1940 aka tura wasu jirage su share hanya wa wani sabon ƙaton jirgin yaƙi mai suna King George V, wanda zai fito daga kogin Tyne. Dare ne, ga duhu, ga yayyafi, kuma doka ta hana kunna fitila. Suna cikin gudu sai HMS Fame ya hau kan duwatsun gaɓa a Whitburn, kusa da Sunderland. Ashanti da ke biye da shi ya afka masa, shi ma ya kafe. Sai da aka yi makonni ana fama, aka sauke bindigogi da kaya masu nauyi, kafin aka janyo shi. Gyara ya ci kusan wata goma. Bai koma fagen fama ba sai a watan Agusta 1941.

Daren da Nigeria ya sha tofido

Ku ɗauko taswira ku duba Bahar Rum. A tsakiya, ƙasa da tsibirin Sisili na Italiya, akwai wani ɗigo mai suna Malta. Daga wannan ɗan tsibiri jiragen Ingila ke tare kayan da ake kai wa sojojin Janar Rommel na Jamus a Libiya. Saboda haka Jamus da Italiya suka yi masa ƙawanya, suna jefa masa bama-bamai dare da rana. Zuwa tsakiyar 1942 abinci ya kusa ƙarewa, man jirgi ma haka. In ba a kai ɗauki ba, sai miƙa wuya.

A watan Agusta 1942 aka haɗa ayarin jiragen kaya 14, aka ba su rakiyar da ba a saba ganin irinta ba. Sunan aikin Pedestal. Rundunar da za ta raka su har kusa da Malta tana ƙarƙashin Riya Admiral Harold Burrough, kuma jirgin da ya zauna a ciki yana ba da umarni sunansa HMS Nigeria. E, sunan ƙasarmu. Shi ba distiroya ba ne, kuruza ne, ya ninka Ashanti girma sau huɗu ko fiye. Ashanti yana cikin ƙananan da ke kewaye da shi, ƙarƙashin Kwamanda Richard Onslow.

Tun ranar 11 ga wata aka fara asara. Jirgi mai nutso na Jamus ya harbi HMS Eagle, mai ɗaukar jiragen sama, ya nutse cikin 'yan mintoci. Washegari, 12 ga Agusta, aka wuni ana kare hari daga sama. Da magariba, daidai lokacin da ayarin ke sauya jeri don shiga wata matsattsiyar hanya kusa da gaɓar Tunisiya, wani jirgi mai nutso na Italiya ya saki tofido 4. Ɗaya ya sami Nigeria, ya kashe mutum 52. Aka kuma sami HMS Cairo, wanda ya lalace har sai da 'yan uwansa suka ƙarasa nutsar da shi. Aka sami Ohio, jirgin dakon mai guda ɗaya tilo a ayarin.

Sunan jirgin da ya yi wannan ɓarna Axum, sunan tsohon birnin nan na Habasha, domin Italiya ma takan raɗa wa jiragenta sunayen wuraren da ta ci da yaƙi. Ku dubi abin: Axum ya harbi Nigeria da Cairo, Ashanti ya zo ɗauki. Sunayen Afirka huɗu a wuri guda, cikin faɗan da ba 'yan Afirka suka haɗa ba. Wani abin kuma, shekara guda kafin nan, a 1941, sojojin Nijeriya na cikin waɗanda suka kori Italiya daga Somaliya da Habasha. Barikin Mogadishu da ke Abuja daga can ya samo sunansa.

Nigeria ya karkace, ruwa na shiga, ba zai iya ci gaba ba. Ashanti ya matso gefensa, Admiral Burrough da hafsoshinsa suka tsallako ciki. Daga wannan lokaci ƙaramin jirgin nan ya zama madugun ayari. Matsalar ita ce Nigeria da Cairo ne kaɗai ke da na'urorin da suka dace don yi wa jiragen sama masu kariya jagora, kuma duka biyun sun fita daga fage cikin minti guda. Daren nan ƙananan kwale-kwale masu tofido suka yi ta fitowa daga duhu. Kuruza Manchester ya tafi, jiragen kaya suka yi ta kamawa da wuta ɗaya bayan ɗaya.

Cikin 14, biyar ne suka isa Malta. Na ƙarshe shi ne Ohio, wanda injinsa ya mutu, cikinsa ya fashe, ruwa ya kusa shanye shi. Wasu jiragen distiroya, Penn da Bramham da Ledbury, su suka tallabe shi, biyu a ɗaure a gefensa kamar yadda ake riƙe majinyaci, har suka shigar da shi tasha ranar 15 ga Agusta. Man da ya kawo ya sa Malta ta ci gaba da faɗa. Ashanti ya juya da Admiral ya koma Jibralta ta cikin wutar da ya fito. Nigeria ma bai nutse ba. Ya ja jiki ya koma, aka kai shi Amurka gyara.

Kwana huɗu da ɗan uwa a igiya

Wata guda bai cika ba aka tura Ashanti daga zafin Bahar Rum zuwa wuri mafi sanyi da jirgi ke iya bi. Rasha na fafatawa da Jamus, tana buƙatar tankoki da jiragen sama, kuma gajeriyar hanyar kai mata ita ce ta saman Nowe, cikin tekun ƙanƙara, zuwa tashoshin Murmansk da Arkhangelsk.

Ku da kuke kukan hunturun Janairu kuna ƙin wanka kafin makaranta, ku saurara. A can, feshin ruwan teku kan daskare a jikin jirgi, sai matuƙa sun fito da guduma suna farfasa ƙanƙara, don in ta yi yawa nauyinta na iya kifar da jirgin. Wanda ya taɓa ƙarfe da hannu ba safa, fatarsa na iya mannewa. Wanda ya faɗa ruwa kuwa mintoci kaɗan gare shi, ko da ya iya iyo.

A watan Satumba 1942 Ashanti ya raka ayari mai lamba PQ 18. Jiragen kaya wajen 40 suka tashi, 13 suka halaka. A hanyar dawowa da wani ayarin, ranar 20 ga Satumba, jirgi mai nutso na Jamus U-703 ya harbi HMS Somali a ɗakin injinsa. Somali da Ashanti ƙira ɗaya ne, runduna ɗaya, matuƙansu sun san juna. Aka kwashe yawancin mutanen Somali, aka bar wasu don su yi ƙoƙarin ceto shi. Kwamanda Onslow ya ɗaura masa igiyar ƙarfe ya fara ja, ya nufi tsibirin Aisilan.

Wannan ba ƙaramar kasada ba ce. Na faɗa muku kariyar distiroya ita ce gudu. Mai jan wani kuwa tafiyar hawainiya yake yi, a miƙe, a cikin ruwan da maharba suka cika. Ga kuma wata matsala: Somali ba shi da wutar lantarki, famfunan da ke zuƙe ruwa daga cikinsa sun tsaya. Sai ma'aikatan Ashanti suka haɗa doguwar waya, suka bi da ita ta kan igiyar jan, suka ba shi wuta daga janaretansu. Famfuna suka tashi, fitilu suka kama. Ɗaliban kimiyya, in malamin fiziks ya zo kan darasin waya da zafi da asarar wuta a doguwar hanya, ku tuna akwai waɗanda suka yi wannan lissafi a cikin ƙaramin kwale-kwale, yatsunsu na daskarewa.

Kwana huɗu suna tafe, sun ci fiye da mil 400. Sai guguwa ta taso cikin dare, da dusar ƙanƙara. Igiyar ruwa ta riƙa ɗaga Somali tana maka shi, har gadon bayansa ya karye, ya rabu biyu, ya nutse. Aka haska fitilu, aka zura raga a gefen jirage, wasu matuƙa suka sauka har cikin ruwa suna cafko mutane. Mutum 35 kacal aka ceto. Sauran, sanyi ya riga masu ceto isa gare su.

A cikin samarin hafsoshin da suka yi aikin wayar nan da aikin ceto akwai wani ɗan shekara 21 mai suna Terence Lewin. Shekara 40 bayan haka, a 1982, shi ne babban hafsan tsaron Birtaniya lokacin yaƙin tsibiran Falkland.

Jiragen da aka aiko wa kakanninku

Yanzu mu dawo gida. A 1942 Japan ta ƙwace Bama, ta tsaya a bakin iyakar Indiya. Birtaniya ta yanke shawarar kai sojojin Afirka ta Yamma can, aka kafa Runduna ta 81 da ta 82 a 1943, daga Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya. 'Yan Nijeriya ne suka fi yawa, kuma Hausa ce harshen bariki, har hafsoshi Turawa sai da suka koya. Wasu samarin da kansu suka kai kansu, don albashi ko don ganin duniya. Wasu kuwa hakimi ko dagaci ne ya nuna su da yatsa saboda an yanka masa adadin da zai kawo.

Kwasar dubban mutane sai da manyan jirage. A farkon watan Yuli 1943 wasu manyan jiragen fasinja biyu, California da Duchess of York, suka taso daga Sikotilan suka nufo Afirka ta Yamma don wannan aiki. A cikin 'yan rakiyarsu akwai HMCS Iroquois, ƙirar Ashanti sak, amma na ƙasar Kanada. Da yammacin 11 ga Yuli, suna can yamma da gaɓar Fotugal, jiragen saman Jamus uku masu dogon zango suka hango su. Daga can ƙololuwa suka saki bama-bamai, jiragen biyu suka kama da wuta. Fiye da mutum 100 suka mutu. Iroquois shi kaɗai ya tsamo fiye da 600, aka kai su Kasablanka ta ƙasar Maroko. 'Yan rakiyar da kansu suka ƙarasa nutsar da jiragen biyu, don kada hasken gobara ya kira masu nutso.

Wannan asara ta jinkirta tafiyar wani ɓangare na sojojinmu. Amma ku yi tunani: a hanyar zuwa aka same su. Da a ce an same su ne bayan sun yi lodi a Legas, cike da samarin da yawancinsu ba su taɓa ganin ruwan da ya fi Kwara faɗi ba, da wasu gidajen a ƙasar Zuru ba a kafa su ba.

Runduna ta 81 ta kewaya ta ƙarshen kudancin Afirka ta isa Bombay, wadda yanzu ake kira Mumbai. Daga nan sai dazuzzukan kwarin Kaladan, inda babu hanyar mota, sai kaya a ka, abinci kuma daga sama ake jefo shi. Wata birget ta 'yan Nijeriya ta shiga cikin mayaƙan Chindit masu kutsawa bayan layin abokan gaba. A watan Janairu 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka kama garin Myohaung. A cikin wannan watan, a gaɓar tekun yankin, HMS Nigeria da aka gyara yana cikin jiragen da suka sauke sojoji a tsibirin Cheduba. Nigeria na ƙarfe a kan ruwa, 'yan Nijeriya na jini da tsoka a cikin daji, duk a yanki guda. In kun ji ana cewa barikin Chindit a Zariya, ko Dalet a Kaduna, ko Arakan da Myohaung a Legas, daga wannan yaƙi sunayen suka zo.

Waɗanda suka yi tafiyar nan kusan duk sun kwanta dama. Abin da ya rage sai 'ya'yansu, waɗanda su ma sun tsufa, da abin da ke cikin tsofaffin akwatunan ƙarfe. In a gidanku akwai lambar tagulla mai siffar tauraro mai tsini shida, da ƙyalle mai ja a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe, Tauraron Bama ke nan. Ku tambayi wanda ke ajiye da ita abin da mai ita ya faɗa game da teku, ku rubuta a bayan littafinku da kwanan wata. Labarin daji ya fi yawo a bakin mutane, na jirgi ne ke saurin ɓacewa.

Faɗan dare a gaɓar Faransa

Ashanti ya raka sojojin da suka sauka a Afirka ta Arewa a watan Nuwamba 1942, ya sake komawa tekun ƙanƙara, sannan a 1944 aka kai shi tashar Plymouth. Wannan karon ba gadi aka sa shi ba, farauta ce. Ana shirin tsallakawa Faransa, ana son a share jiragen yaƙin Jamus daga mashigin da ke tsakanin ƙasashen biyu.

Abokan aikinsa yawanci 'yan uwansa ne na Kanada: Haida, Huron da Athabaskan. A daren 25 wayewar 26 ga Afrilu suka yi arangama da jiragen Jamus uku, suka nutsar da T29. Ana cikin juye-juye a duhu Ashanti da Huron suka yi karo, duka biyu suka koma gida da rauni. Bayan kwana uku Jamusawa suka rama, suka nutsar da Athabaskan da mutum 128.

Ranar 6 ga Yuni 1944 sojojin ƙawance suka sauka a Normandy. Jiragen distiroya na Jamus da suka rage a yammacin Faransa suka taso don su afka wa masu saukar. A daren 9 ga Yuni jirage takwas, na Ingila da Kanada da Folan, suka tare su. HMS Tartar mai jagora ya sha harsasai, wuta ta kama shi, hayaƙi ya turnuƙe. Ta cikin hayaƙin nan wani jirgin Jamus mai lamba ZH1 ya ɓullo, ya riga ya ji rauni. Ashanti ya sake masa tofido ya cire masa goshi, ya bi shi da bindiga, har mutanensa suka dasa masa nakiya suka fice. Haida da Huron kuma suka kori Z32 har ya hau kan duwatsu. Daga ranar jiragen Jamus na wannan yanki ba su sake yunƙurin kusantar Normandy ba.

Cikin 16 ɗin da Birtaniya ta ƙera, 12 sun nutse a yaƙin. Zulu da Sikh sun tafi a Tobruk rana guda. Matabele ya nutse a tekun ƙanƙara, mutum biyu kacal suka tsira. Huɗu ne suka ga ƙarshen yaƙi: Eskimo, Nubian, Tartar da Ashanti. Mai camfi zai ce ƙararrawar Sarkin Kumasi ce. Injiniyoyin da suka duba shi bayan yaƙi kuwa abin da suka gani shi ne jirgi ya gaji, gyaransa ya fi ƙarfin amfaninsa. Aka ajiye shi. A 1948 aka kai shi wani lungun teku a Sikotilan ana gwada ƙarfin nakiyoyi a jikinsa. A 1949 aka ja shi zuwa garin Troon, masu yankan ƙarfe suka rarraba shi. Nigeria ya fi shi tsawon rai: Indiya ta saye shi, ta sauya masa suna zuwa Mysore a 1957.

Da na Kanada da na Ostireliya, jirage 27 aka ƙera masu wannan fasali. Guda ɗaya ne ya rage a duniya, Haida, abokin faɗan daren nan. Yana ɗaure a bakin tafki a birnin Hamilton na Kanada, an mai da shi gidan tarihi, 'yan makaranta irinku suna hawa suna leƙa inda matuƙa ke rataya ragar kwana.